Allunan Papunya: Zanen Da Ba Kowa Aka Yarda Ya Kalla Ba

A shekarar 1972, a wani ƙauye mai suna Papunya da ke tsakiyar hamadar Ostiraliya, wani magidanci da ake kira Johnny Warangkula Tjupurrula ya zauna a ƙasa cikin wata tsohuwar rumfar kwano, ya ajiye allon katako a gabansa, ya yi ta ɗiga masa fenti, ɗigo a kan ɗigo. Allon bai kai mita ɗaya ba. Abin da ya zana shi ne Kalipinypa, wani wurin ruwa a ƙasar kakanninsa, can yamma cikin tuddan yashi, inda labarin mutanensa ya ce an taɓa yin gagarumin hadari mai tsawa da walƙiya. An sayar da allon dalar Ostiraliya 150.

Shekara 25 bayan haka, a 1997, aka kai shi gwanjo a kamfanin Sotheby's, ya tashi dala 206,000. Da aka sake buga masa ƙararrawa a 2000 sai da ya kai dala 486,500. A lokacin mai zanen ya tsufa, idonsa ya kusa tafiya, kuma babu dokar da ta ba shi haƙƙin ko sisi cikin wannan kuɗi. Ya rasu a farkon 2001 cikin talauci. Sai a 2010 Ostiraliya ta fara aiki da dokar da ke ba mai zane kashi 5 cikin 100 idan an sake sayar da aikinsa.

Wannan ɓangaren labarin jaridu suka fi so, domin lissafinsa a fili yake. Amma akwai wata rigima da ta girmi ta kuɗi, wadda ta tashi tun fenti bai gama bushewa a allunan farko ba. Alamomin da ke jikinsu an kwaso su ne daga garkuwa, daga jikin masu rawa, daga zanen ƙasa na bukukuwan sirri, kuma kowace alama tana da masu ita. Tambayar da ta hana dattawan hamada barci ita ce: wa aka yarda ya kalla?

Sansanin da ba wanda ya zaɓe shi

Gwamnati ce ta kafa Papunya a ƙarshen shekarun 1950, kimanin kilomita 240 arewa maso yamma da garin Alice Springs, wato kusan nisan Maraɗi da Damagaram. Manufar hukuma a lokacin ita ce a tattara ƴan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin, a koya masu rayuwar Turawa har su narke cikinta. Aka zuba ƙabilu masu harsuna daban-daban wuri ɗaya: Luritja, Warlpiri, Anmatyerr, Kukatja, sai kuma Pintupi, waɗanda su ne na ƙarshen isowa. Wasunsu sai a shekarun 1960 motocin sintiri na gwamnati suka kwaso su daga cikin hamada, lokacin ba su daɗe da fara ganin Bature ba. Kafin 1970 mutanen sansanin sun haura dubu.

Rayuwar ta yi tsanani. Mutanen da suka saba yawo cikin ƙananan ayari suna farauta, suka wayi gari suna layin karɓar abinci a babban ɗakin girki na hukuma. Cututtuka suka kashe da yawa, musamman cikin Pintupi. Ga kuma wani ciwon da likita ba ya gani: a wajen mutanen hamada, mutum da ƙasarsa abu ɗaya ne, kowane tudu da kowace rijiyar dutse akwai wanda nauyin kula da ita ke wuyansa, ya ziyarce ta, ya yi mata waƙoƙinta. A Papunya yawancinsu baƙi ne a ƙasar wasu. Duk wanda ya taɓa zama a bariki yana ƙirga shekarun da ya yi bai ga gida ba ya san ɗanɗanon abin, sai dai su babu tashar motar da za su je.

Kafin a samu allo

Ana yawan cewa a 1971 aka haifi zanen hamada. Gaskiyar ita ce a 1971 ya hau allo. Kafin nan yana jikin kayan da mutane ke riƙewa kullum.

A ɗauki majefin mashi, wanda a yammacin hamada ake kira mirru. Katako ne mai ɗan faɗi da ƙugiya a ƙarshensa, ana maƙala gindin mashi a ƙugiyar don ya ƙara wa hannu tsawo, mashin ya tafi da ƙarfi. Mutumin da ke tafiya a ƙasa ba ya son kaya, saboda haka wannan katako ɗaya yana aikin abu biyar. A mariƙinsa ana liƙa ƙanƙarar dutse mai kaifi da danƙon wata ciyawar hamada, ya zama wuƙa da gizago. Cikinsa mai ɗan zurfi ana dama jar ƙasa a ciki. Idan ana son wuta, a goga gefensa a kan itace mai laushi har ya yi hayaƙi. A 1957 wani masanin al'adu mai suna Donald Thomson ya zauna da wasu Pintupi a cikin hamada. Kafin su rabu aka nuna masa wani majefin mashi da aka sassaƙa wa da'irori, layuka na haɗa su. Mai shi ya riƙa ɗora tsinke a kan kowace da'ira yana faɗin sunanta. Sunayen wuraren ruwa ne, a jere yadda mai tafiya zai same su. A ƙasar da kuskuren rijiya ɗaya ke nufin mutuwa, wannan ado ya fi zinariya.

Garkuwa kuma ana sassaƙa ta ne da itacen wata bishiya mai laushi marar nauyi. Tana kare jifa a wajen faɗa, amma idan biki ya zo sai a shafe ta da jar ƙasa, a zana mata alamomin wani kaka da farar ƙasa da gawayi. Mata suna da akushin katako mai tsawo da suke ɗibar ruwa, su sheƙe tsabar ciyawa, su kwantar da jariri a ciki. Sandar jifa da duniya ta sani da bumaran, irin ta tsakiyar hamada ba ta komowa wurin mai jifa kamar yadda ake nunawa a fim. Ta fi kama da keren mafarauta, wata ma har da ƙugiya. Idan an zauna waƙa, guda biyu ake haɗawa ana bugawa. Har ɓawon kawa mai sheƙi ana samu a tsakiyar yashi, wanda ya taso daga gaɓar tekun Kimberley ya bi hannu zuwa hannu fiye da kilomita dubu, ana danganta shi da ruwan sama.

Mafi girma duka shi ne zanen ƙasa. Dattawa za su share fili, su yi kwanaki suna shimfiɗa da'irori da layuka da jar ƙasa, da gashin tsuntsu, da wata irin audugar daji da ake dakawa a rina. Ba a yinsa don ya daɗe. Masu rawa, waɗanda su ma an zana masu irin alamomin a ƙirji da baya, za su tattake shi, biki ya ƙare, iska ta kwashe saura.

Alamomin ba su da yawa, kuma duk daga sama ake kallonsu, kamar yadda maharbi ke karanta sawu. Da'ira cikin da'ira tana iya zama rijiya, ko zango, ko murhu, ko tudu. Layi hanya ce. Wata alama mai siffar kofaton doki mutum ne a zaune, domin irin shaidar da mazaunin mutum ke bari ke nan a kan yashi. Sawun kangaru daban, na emu, wata babbar tsuntsuwa mai kama da jimina, daban. Abin da ke ɗaure su shi ne abin da Pintupi ke kira Tjukurrpa: zamanin da kakannin farko suka ratsa ƙasa suna barin duwatsu da rijiyoyi a bayansu, da kuma dokar da suka bari. Turawa sun fassara kalmar da wadda ke nufin mafarki, fassarar da ta yi wa abin ƙwauro, domin masu ita ba barci suke nufi ba. A cikinta ake sanin wa ya gaji wane wuri, wa zai auri wa, wa ke da izinin zana me. A wajen Warlpiri ma kowane labari yana da mutum biyu a kansa: wanda ya gada ta wajen uba, shi ne mai shi, da wanda ya danganta da shi ta wajen uwa, shi ne mai sa ido kada a yi kuskure.

Bangon makaranta

A farkon 1971 wani matashin malami mai suna Geoffrey Bardon ya zo koyarwa a makarantar Papunya. Ya lura yara na zana da'irori da sawu a yashi idan suna wasa, amma a cikin aji sai su zana irin abin da suke gani a fina-finan kaboyi. Ya nemi su zana nasu a bangon makaranta. Yara ba su da wannan hurumi. Manya ne suka karɓi aikin, cikinsu har da masu sharar filin makarantar irin su Billy Stockman Tjapaltjarri da Long Jack Phillipus Tjakamarra. Bayan shawara da dattawan da suka mallaki labarin, aka zana tururuwar zuma, wata tururuwa da cikinta ke kumbura da zaƙi, ana haƙo ta a sha. Papunya wurinta ne, hanyoyin labarinta a nan suka haɗu, don haka kowace ƙabila a sansanin tana da abin cewa a kanta.

Wanda ya jagoranci zanen shi ne Kaapa Tjampitjinpa, ɗan Anmatyerr, tsohon makiyayin shanu a gonakin Turawa. An daɗe ana ba da labarin kamar Bardon ne ya kunna wutar shi kaɗai, alhali Kaapa na zane a kan tarkacen katako tun kafin su haɗu. A watan Agustan 1971 wani jami'in gwamnati ya kai zanensa gasar Caltex a Alice Springs, ya yi kunnen doki a matsayi na ɗaya. Da labari ya iso Papunya, kuma aka ga kuɗi a hannu, maza suka yi ta zuwa neman fenti da buroshi.

Babu ƙyallen zane a lokacin. Duk abin da ke da shimfiɗaɗɗiyar fuska ya zama allo: ragowar silin, katakon akwatin kayan marmari, tayil ɗin daɓe. Fentin yara na makaranta ake gauraya shi da gam don ya kama. Tsohuwar rumfar kwanon nan ta zama ɗakin zanen maza, inda mutum ashirin zuwa talatin ke zama ƙungiya-ƙungiya bisa harshe, suna zane suna rera waƙar wurin da suke zanawa. Bardon na loda allunan a motarsa ya kai wa wata mai shagon zane a Alice Springs, Pat Hogan. Cikin shekara ɗaya da ƴan watanni an yi ɗaruruwa.

Ga ƴan Pintupi musamman, kowane allo wata ziyara ce zuwa wurin da ƙafa ba ta iya kaiwa. Uta Uta Tjangala, Shorty Lungkata Tjungurrayi, Yala Yala Gibbs Tjungurrayi da sauransu suna zana tafkunan gishiri da duwatsun da suka baro, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu.

Hukumar sansanin ba ta ji daɗin ganin ƴan Aborijin da kuɗin kansu ba. Bardon ya bar Papunya a tsakiyar 1972 cikin rashin lafiya da ɓacin rai. Amma a watan Nuwamban wannan shekara aka yi wa kamfanin masu zanen rajista da sunan Papunya Tula, sunan wani ɗan tudu na tururuwar zuma kusa da garin. Hannun jarinsa na masu zanen ne da iyalansu, kuma har yau yana aiki. Zanen bangon makarantar kuwa, a 1974 aka bi shi da fenti aka shafe.

Ranar da asiri ya fita kasuwa

Masu zanen farko sun zana abin da suka sani yadda suka san shi. A allunan 1971 da 1972 ana ganin masu rawa da cikakkiyar kwalliyar biki, da kayan ibada waɗanda mace ko yaron da ba a shigar da shi cikin sirrin manya ba bai isa ya ɗora ido a kansu ba. A dokar hamada hukuncin wannan laifi na iya kaiwa ga kisa. Ga alama sun ɗauka allunan za su tafi can ƙasar Turawa, inda ba wanda zai gane komai, kuma ba za su sake dawowa ba.

Ba haka ta faru ba. A 1972 aka baje wasu allunan a wajen wasannin shekara na Yuendumu, wani garin Warlpiri a arewa, baƙi ƴan ƙabilar Pitjantjatjara suka gani, ransu ya ɓaci ƙwarai. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Hanyar kaka ɗaya tana iya ratsa ƙasar ƙabila huɗu ko biyar, kowace na riƙe da nata yanki na labarin. Wanda ya tona nasa ya tona na maƙwabcinsa, ba tare da ya tambaye shi ba. A 1975 aka sake kwatawa a birnin Perth, inda ƙorafin mazan Pitjantjatjara ya sa aka juya fuskar kusan dukkan allunan wani baje koli zuwa bango, kuma sai da masu zanen suka biya diyya irin ta al'ada.

Daga nan salon ya sauya. Siffofin mutane da kayan sirri suka ɓace daga allo. Aka koma ga ɓangaren labari da kowa ke iya ji, aka bar da'irori da layuka su yi magana a dunƙule. Ɗige-ɗigen da a yau duniya ke gane zanen Aborijin da su suka yawaita, har suka rufe fuskar allo gaba ɗaya. An sha cewa don ɓoye sirri aka ƙirƙiro su. Wannan rabin gaskiya ne. Ɗigo yana nan a garkuwa da jikin masu rawa tun tuni, kuma wanda ya dubi allon Kalipinypa zai ga Johnny Warangkula na amfani da shi wajen nuna yayyafi, da ƙanƙara, da ciyawar da ke tsirowa bayan ruwa. Amma gaskiya ne ɗigon ya zama labule mai kyau: Bature na ganin ado, dattijo na ganin abin da ke bayansa.

Ba allunan kaɗai ne suka jawo wannan faɗa ba. Ƴan ƙabilar Arrernte suna da wasu sassaƙaƙƙun duwatsu da katakai masu tsarki da ake kira tjurunga, waɗanda ake ɓoyewa a kogo, kowane ɗaya yana ɗaure da ran wani mutum da wani wuri. Tun bayan da Baldwin Spencer da Frank Gillen suka wallafa littafinsu kan ƙabilun tsakiyar Ostiraliya a 1899, gidajen tarihi na Turai da Amurka suka shiga rububinsu. Wasu an saya, wasu an karɓa amana, wasu kuwa kwashe su aka yi daga maɓoyarsu. Masanin harshe T.G.H. Strehlow, wanda aka haifa a cikin Arrernte kuma yake jin harshensu kamar ɗan gida, dattawa sun danƙa masa ɗaruruwan irin waɗannan kaya don suna tsoron ƴaƴansu ba za su riƙe ba. A 1978 hotunan bukukuwan sirri da ya sayar wa mujallar Stern ta Jamus suka ɓulla a wata mujalla a cikin Ostiraliya kanta. Amanar shekara arba'in ta rushe, shi kuma ya rasu a wannan shekarar. Kayan suna ajiye yanzu a wata cibiya mai sunansa a Alice Springs, a ɗakin da ba a buɗe wa kowa.

Shekara biyu kafin haka, a 1976, dattawan Pitjantjatjara sun kai ƙara kotu kan wani littafin Charles Mountford mai ɗauke da hotuna da bayanan da aka ba shi a asirce shekaru da dama baya. Kotu ta hana sayar da littafin a yankin Arewacin ƙasar. Alƙali Bature ya yarda cewa sirrin mutanen da ba su da rubutu shi ma amana ne da doka za ta kare.

Fenti ya buɗe hanyar gida

Shekarun 1970 ba su yi wa kamfanin Papunya Tula daɗi ba. Masu saye sun yi ƙaranci, manyan gidajen zane na ƙasar suna kallon aikin a matsayin kayan ƴan yawon buɗe ido, kuma wata hukumar gwamnati mai kula da fasahar Aborijin, da aka kafa a 1973, ita ce ta riƙa saye don kada a rufe. A cikin wannan yanayi Clifford Possum Tjapaltjarri ya zana wani ƙaton ƙyalle mai suna Warlugulong a 1977, labarin wata gobarar daji ta zamanin kakanni. Wani banki ya saya dala 1,200. A 2007 gidan zane na ƙasa da ke Canberra ya biya dala miliyan 2.4 kafin ya same shi, shekara biyar bayan rasuwar mai shi.

Abin da masu zanen suka fi so kuwa ya samu tun kafin farashi ya tashi. Dokar mallakar ƙasa ta 1976 ta ba ƴan Aborijin na yankin Arewa damar karɓar ƙasashensu. A 1981 Pintupi suka tattara suka koma yamma, suka kafa Kintore a gindin duwatsunsu, daga baya wasu suka ƙara gaba zuwa Kiwirrkurra. A can ne a 1984 wasu mutum tara ƴan gida ɗaya suka fito daga hamada, ba su taɓa zama a sansani ba. Ɗaya daga cikinsu, Warlimpirrnga Tjapaltjarri, ya fara zane shekara uku bayan haka, kuma ya yi suna har Amurka. Mata, waɗanda suka daɗe suna taya mazajensu cike ɗige-ɗige ba a rubuta sunansu, suka fara zane da sunan kansu a tsakiyar shekarun 1990.

Sai ga wata sabuwar hijira. Ciwon ƙoda ya yi yawa a garuruwan hamada, kuma duk wanda ya kamu sai ya tare a Alice Springs, kilomita sama da 500 daga Kintore, don wankin ƙoda sau uku a mako. Dattawan da suka sha wuya kafin su koma gida suka riƙa mutuwa a garin wasu. A 2000 maza da matan Kintore da Kiwirrkurra suka haɗu suka zana manyan ƙyallaye huɗu, aka yi gwanjonsu tare da wasu ayyukan a Sydney, aka tara sama da dala miliyan ɗaya. A 2004 na'urar wankin ƙoda ta fara aiki a Kintore.

Wa ke riƙe da mabuɗi

Allunan farko dai suna nan, kuma abin da aka zana a jikinsu bai goge ba. Wasu na hannun attajirai a ƙasashen waje. Allon Kalipinypa kansa wasu ma'aurata Amurkawa, John da Barbara Wilkerson, suka saya. Da aka baje tarinsu a Amurka a 2009, sai da aka tuntuɓi iyalan masu zanen, aka ware wasu allunan a wani ɗaki na daban, hotunansu kuma ba a sa su cikin littafin baje kolin da ya shiga Ostiraliya ba. Dokar ƙasar ta 1986 ta hana fitar da kayan ibada na sirri kwata-kwata, tsofaffin zane masu daraja kuma sai da izini.

A 2011 gidan zane na jihar Victoria da ke Melbourne ya tara allunan farko kusan 200, ya jera su tare da garkuwoyi da majefan mashi don mai kallo ya ga inda alamomin suka fito. Shekara ta gaba baje kolin ya tafi Paris, gidan tarihi na Quai Branly. Gidan nan ne ya mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey guda 26 a 2021, kuma a rufin ɗaya daga cikin ɗakunansa akwai zanen Ningura Napurrula, matar Yala Yala Gibbs, ɗaya daga cikin mazan rumfar kwano. Maganar mayar da kaya ta taɓa Ostiraliya ita ma: a 2019 gidan tarihi na Manchester a Ingila ya mayar da kayan ibada 43 ga al'ummomin Aborijin huɗu, har da Arrernte. Bambancin shi ne da yawa cikin irin waɗannan kaya ba don a sa su a gilashi a gida ake karɓo su ba. Ana karɓo su ne don a daina kallonsu.

Tarin allunan farko mafi girma yana birnin Darwin, a gidan tarihi na yankin Arewa, wanda shugabansa na lokacin, Colin Jack-Hinton, ya saya tun a 1971 da 1972, sa'ad da sauran gidaje ba su ko waiwaya ba. Sun haura 200, kuma sun shafe shekaru da dama a kulle saboda ba wanda ya san wanne ne halas a nuna. Daga ƙarshe gidan ya yi abin da ya kamata a yi tun farko, ya kira masu abu. Dattawa biyar suka yi shekaru suna aikin tare da ma'aikacin gidan, suna duba allo ɗaya bayan ɗaya, suna tuntuɓar sauran dangi. Cikinsu akwai Michael Nelson Jagamara, wanda zanensa ke shimfiɗe da duwatsu a ƙofar majalisar dokokin ƙasar tun 1988, da Bobby West Tjupurrula, ɗan ɗaya daga cikin masu zanen farko. Akwai kuma Long Jack Phillipus, mai sharar filin makarantar nan da ya riƙe buroshi a bangon 1971, a lokacin ya tsufa tukuf.

An buɗe baje kolin a 2017 da sunan da dattawan suka zaɓa, Tjungunutja, ma'ana abin da ya samu daga haɗuwa wuri ɗaya. Allunan da suka amince da su aka rataye, tare da garkuwoyi da sauran kayan da suka zaɓa. Waɗanda suka ce a'a aka mayar da su ɗakin ajiya, aka rufe.